Ƙulla zumunci da makarantar ƙasar waje: Ingila ko Maraɗi?

Malam Kabiru: Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan harka kada ya yi shiru. Ni ne mataimakin shugaba a wata sakandare mai zaman kanta a cikin garin Katsina. Shekaranjiya mai makarantar ya kira ni ya ce yana so kafin zangon nan ya ƙare mu ƙulla hulɗa da wata makaranta a ƙasar waje. Ingila ce a ransa, in ba ta samu ba Turkiyya. Ya ce in nemo. Da na kwana da maganar sai hankalina ya tafi Maraɗi. Muna koyar da Faransanci a ƙananan azuzuwa, yaro ya yi shekara uku bai taɓa jin wani na magana da harshen ba in ba malamarsa ba, alhali daga nan zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Ban gaya masa ba tukuna. Ta ina ake farawa? Kuma tsakanina da shi wa ya hango daidai?

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Malam, gaskiya ina bayan mai makaranta. Da wane harshe yaranmu ke rubuta WAEC da NECO da JAMB? Da Turanci. A nan suke faɗuwa, nan ne ciwonmu. In za a sha wahalar nemo abokan hulɗa, a nemo masu harshen da ke kayar mana da yara. Ga shi lokacinmu da na Ingila kusan ɗaya ne: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watanni awa ɗaya ce kawai tsakani. Ana iya haɗa aji da aji ta bidiyo ba tare da an tsare yara bayan tashi ba. Maraɗi kuwa ai gida ce. Wane uba za ka ce wa ɗansa na da aboki a ƙasar waje, ya tambaye ka ina, ka ce Maraɗi?

Baban Ummi: Ina saurare. Ina da magana amma sai malamai sun gama tasu.

Hajiya Binta: Kabiru ɗana, ka taɓo min tsohon miki. Lokacin da nake riƙe da wata makarantar 'yan mata, kafin in yi ritaya, mun yi irin wannan da wata makaranta a Ingila. Wata malamarsu ce ta nemo mu da kanta, mutuniyar kirki, ba zan ci amanarta ba. Ta zo ta kwana huɗu, muka yi mata ɗinki, yara suka yi mata rawa, aka ɗauki hotuna. Ta koma ta aiko da kwali biyu na littattafai. Daga nan aka fara musayar wasiƙu.

Wasiƙun nan su ne har yau ke damuna. Nasu yaran sun rubuto cikin tausayi, an riga an gaya musu cewa mu mabuƙata ne: kuna da ruwa, kuna cin abinci sau nawa, mun tara muku kuɗi. Namu kuwa da suka fahimci yadda ake kallon su sai suka bi layin. Na zauna da daddare ina duba wasiƙun kafin a aika, na ga yarinya 'yar gidan mutunci, wadda ubanta ya fi ƙarfin abin da take roƙo, ta rubuta a aiko mata da waya. Ban yi barci ba ranar. Mu da aka damƙa mana tarbiyyar yara, mu ne muka buɗe musu ƙofar roƙo da hannunmu.

Ba a cika shekara biyu ba aka yi wa malamar canjin wurin aiki. Na rubuta wa shugabansu sau uku, ko amsa. Abin nata ne ita kaɗai, ba na makarantar ba ne, ta tafi ya bi ta. Saboda haka kafin ka tambayi wace ƙasa, ka zauna ka amsa wannan: mu me za mu ba su? In ba ka da amsa, ko ina ka je bara za ka kai yaran mutane.

Malam Nura: Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Ban musa abin da kuka gani ba, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A baya British Council sun shafe shekaru suna gudanar da wani shiri mai suna Connecting Classrooms, kuma abin da aka gina shi a kai shi ne makarantun biyu su ɗauki aiki guda su yi tare, a kuma horar da malamai. Ba kyautar kwali ba ce. In an bi ta hanya mai tsari ba za a faɗa ramin da kuka faɗa ba.

Hajiya Binta: Haka ne Nura, na san shirin, kuma wannan sharaɗi na aiki tare shi ne daidai. Ni ban hana Ingila ba. Ina cewa ne wanda bai iya riƙe zumunci da maƙwabcinsa ba, da wuya ya riƙe na wanda sai an hau jirgi.

Ustaz Auwal: Me ya sa kullum in an ce ƙasar waje sai Turanci da Faransanci? Larabci fa? Da ba don yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ba, da can zan ce a duba, ga 'yan uwanmu Hausawa a Mai Wurno da sauran garuruwa, ga ɗalibanmu da yawa da suka yi karatu a Khartum. Yanzu dai sai addu'a. Amma ko a Nijar ɗin akwai makarantun gwamnati da ke haɗa Larabci da Faransanci, kuma Jami'ar Musulunci ta garin Say tana can. In za a je Maraɗi a tuna da wannan ɓangaren.

Malama Rabi: Ni ce abin ya fi shafa tunda Faransanci nake koyarwa, ko da yake ba a makarantar Malam Kabiru ba. Duk abin da na iya na magana, a Badagry na same shi, a ƙauyen koyon Faransanci da ake tura mu lokacin karatu. Tafiyar kwana guda cur daga nan, har bakin iyakar Benin, don mu ji ana magana da harshen da ake yi a bayan Jibiya. Tun a lokacin abin ke ba ni mamaki. Da izinin shugabannin zaure zan saka wani ɗan uwan maigidana, malamin Turanci ne a wata kwalejin gwamnati a Maraɗi. Gara mu ji daga bakin masu abin da mu yi ta yanke musu hukunci suna can.

Mushe Lawali: Salamu alaikum. Na gode ma Malama Rabi da ta sako ni. Na karanta duk abin da kunka rubuta tun daga sama. Malam Nura ya ce Maraɗi gida ce, gaskiya ya faɗi, sarkinmu ma har gobe Sarkin Katsina ake ce mishi, tun da kakanninmu sunka baro Birnin Katsina bayan jihadi. Amma ku shigo lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, ku gani in gida ɗaya ce. Yaro na yin shekara 6 a firamare kamar naku, sannan kwaleji shekara 4 ya yi jarabawar BEPC, sannan lise shekara 3 ya yi BAC. Kun ga sakandarenmu 7 ce, taku 6. Maki a kan 20 muke ba da shi, ba a kan 100 ba, yaron da ya samu 14 gwani ne. Lissafi da tarihi da kimiyya duk da Faransanci. Ko kuɗi in mun ƙirga da Hausa ba za ku gane ba: dala ɗaya sefa 5 ce, in mai tebur ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jikka ɗaya kuma sefa 1,000.

Abin da za ku ba mu kuwa, Hajiya, yana nan, kuma muna so ƙwarai. Turanci. Muna fara koya ma yara shi daga ajin farko na kwaleji, amma ba su da wanda za su yi shi da shi, daidai da matsalar Malama Rabi in an juya ta. Iyaye da yawa nan burinsu ɗansu ya iya Turanci saboda kasuwanci da Kano da kuma karatu a Najeriya. Kuma a sabuwar dokar ƙasa ta 2025 an ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Turanci da Faransanci su ne harsunan aiki. Kenan Turanci ya ƙara daraja wurinmu.

Sai dai ina da roƙo guda. In za ku zo, kar ku zo mana yadda Baturiyar nan ta zo ma Hajiya. Mun san yadda wasu ke kallon mutumin Nijar a Najeriya, mai ga-ruwa ko mai gadi. Sana'a ce ta halal, ba mu jin kunyarta, amma ba ita kaɗai ce mu ba.

Malam Kabiru: Mushe, wallahi wannan magana ta shige ni. Na karɓa.

Baban Ummi: To yanzu zan yi tawa. Ni shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ne a makarantar 'ya'yana, kuma ina magana ne a matsayin uba. Duk abin da za ku yi ku yi, amma ɗana ba zai hau hanyar Jibiya da sunan ziyarar makaranta ba. Ba mu manta Ƙanƙara ba. Disambar 2020 aka kwashi yara sama da 300 daga makarantarsu, a jihar nan, ba labari aka ba mu ba. Motar makaranta cike da yara cikin yunifom, an rubuta suna a jiki, an sa rana tun da wata guda kowa ya sani? A'a. In shirin nan sai da tafiya, ku cire ni, kuma na san iyaye da yawa za su ce haka.

Malam Nura: Kun gani ko? Amfanin kusa shi ne a je. In ba za a je ba, meye bambancin Maraɗi da Landan? Duk ta waya ce.

Alhaji Mamman: Bari ɗan kasuwa ya sa baki cikin maganar malamai. Na fi shekara ashirin ina bin hanyar nan, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi. Baban Ummi ya yi gaskiya, ni ma ba zan ɗora yaran mutane a kai ba a halin da ake ciki. Kuma ko da lafiya lau ne, iyakar ba ta da tabbas. An rufe ta a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har wutar lantarki aka yanke musu, sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga ECOWAS gaba ɗaya. Duk abin da kuka gina a kan sai an tsallaka, rana ɗaya za a yi sanarwa a rediyo ya rushe.

Amma Malam Nura, bambanci na nan. Duk rufewar nan da aka yi, ban ga ranar da aka daina zuwa biki da ta'aziyya tsakanin garuruwan nan ba. Malami babba shi kaɗai, da takardunsa, zai iya zuwa ya ga makarantar da idonsa ya dawo a yini ɗaya, ba biza, ba kuɗin jirgi. In wani abu ya cije, akwai wanda za a aika ya je ya zauna da shugabansu. Hajiya ta rubuta wasiƙa uku ba amsa ta haƙura. Da Maraɗi ce da ni ta aika na je na buga ƙofa. Ambulan ɗin wasiƙun yara kuma ku ba ni, yarana na shiga duk mako, ba na son ko sisi.

Hajiya Binta: Allah ya yi albarka Alhaji.

Malam Isiya: In jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ya fara tafiya, ta Katsina da Jibiya zai bi. Wataƙila lokacin a sake duba maganar ziyara.

Baban Ummi: In ya fara ma yi magana.

Malama Rabi: Ni akwai abin da ke damuna, kuma shi ne babban rauni a shawarar Malam Kabiru, gara a faɗe shi. Yaranmu Hausawa, nasu Hausawa. Ka haɗa su, wa zai wahalar da kansa da Faransanci? Minti biyu za su koma Hausa su yi ta hira. Da Bafaranshe ne ko Bature dole yaro ya lalubo kalma tunda ba mafita. Nan kuwa ga mafita a buɗe.

Malam Nura: Yawwa Malama. Abin da nake ta son in faɗa kenan.

Mushe Lawali: Tambaya ce mai kyau, na daɗe ina tunaninta. Ga yadda nake gani. A fara da rubutu, ba da hira ba. Naku su rubuto da Faransanci, namu su rubuta da Turanci, kowa da harshen da yake koyo. In wasiƙa ta iso, yaro ya ɗauki jan bik, wato jan biro, ya gyara ma abokinshi kurakurai, ya maido mishi tare da amsa. Kun ga kowane yaro ɗalibi ne a takarda ɗaya, mushe ne, wato malami, a ɗayar. Ba wanda ya fi wani. Hausa kuwa a bar mata gindin takarda, wurin bayani: ka ga nan ka sa namiji a wurin mace, ga dalili. Ni da nake koyarwa na san yaro ya fi gane gyaran ɗan uwanshi da harshen gida bisa ga nawa a allo.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba ɗazu don nauyi. Yaranmu suna jin Hausa kamar ruwa, amma akasarinsu ba su taɓa rubuta ta a aji ba. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram mai koyarwa da Hausa da Faransanci, amma abin bai game ƙasa ba. In yaro zai rubuta Hausa a waya sai ya bi ƙa'idar Faransanci, ya sa ou wurin u, ya sa ch wurin sh, ya sa tch wurin c. Ni kaina a takardun haihuwa Laouali ne. Ku kuwa Hausa darasi ce wurinku har a jarabawar fita, kuna da littattafai. Yanzu da aka ce ita ce harshen ƙasa, wa zai koya ma ƴaƴanmu rubuta ta? Ga abu na biyu da za ku ba mu.

Malama Rabi: Na lura ma kun rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, mu da ɗan waƙafi a gaba muke yi.

Mushe Lawali: Haka ƙa'idarmu take. Wannan kaɗai ya isa darasin yini guda. A sa yara su tara kalmomi: ku ce biro mu ce bik, ku ce littafin rubutu mu ce kaye, ku ce kwastan mu ce duwan, ku ce acaɓa mu ce kabu-kabu. Su tambayi kansu me ya sa harshe ɗaya ya rabu haka. Daga nan malamin tarihi ya karɓa ya gaya musu yadda Ingila da Faransa sunka ja layi a tsakiyar ƙasar Katsina.

Malama Rabi: Na gamsu da rabi. Rubutu zai gyaru, amma ni bakin yara nake so ya buɗe. Sai an haɗa da murya.

Malam Nura: Wannan kam fannina ne, ko da ban sauka daga ra'ayina ba. Ku manta da kiran bidiyo kai tsaye. Sai wuta ta zo daidai a wuri biyu, intanet ta yi ƙarfi a wuri biyu, aji biyu su zama a shirye a minti ɗaya. Na gwada da wata makaranta a Kaduna ma bai yiwu ba. Saƙon murya ya fi. Yaro ya karanta wasiƙarsa minti ɗaya a wayar malami, a tura ta WhatsApp, can su saurara ranar da suka samu dama. Ba ya cin data, kuma ana iya maimaitawa sau goma.

Malam Isiya: Ni malamin aikin gona ne, kuma ina ganin kun taƙaita abin a kan harshe. Akwai ilimin da mutanen Maraɗi suka fi mu nesa ba kusa ba, shi ne sassaben zamani. Tun shekarun 1980, bayan fari, manomansu suka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona. Sai su zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a jikin kututturen, su sassabe sauran, su bar waɗannan su zama itace. Ba dashe, ba ban ruwa, saiwar na nan da ranta a ƙasa tun da can. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Daga ƙasashe ake zuwa kallo. Mu muna nan kusa muna raba dashen da rabinsa ba ya ganin damina ta biyu.

Ina so a ce yaranmu sun koyi wannan daga bakin yaran da iyayensu ke yi. Da farko na yi tunanin a kafa ma'aunin ruwan sama a makarantun biyu a riƙa kwatantawa.

Mushe Lawali: Ma'aunin ruwa zai ba da wahala Malam. Muna rufe lakwal ƙarshen Yuni, ba mu dawowa sai Oktoba. Damina duk cikin hutu take.

Malam Isiya: To a koma kan gawo. Shi da rani yake ganye, da damina ya zubar, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Lokacin da makarantun biyu ke buɗe shi ne lokacin da yake kore. Kowane aji ya zaɓi gona ɗaya kusa, a auna faɗinta da taku, a ƙirga itatuwan ciki, a rubuta sunan kowanne da Hausa, a tambayi mai gonar wanne ya shuka wanne ya tsiro da kansa. A yi musayar sakamako. Ina da yaƙinin yaranmu za su ga ratar da idonsu, su zo suna tambayata dalili. Ranar nan nake jira.

Hajiya Binta: Kabiru, ka ga amsar tambayata ta fito ta ɓangare biyu. Amma kar ku ɗebo da yawa. Wasiƙa da gawo sun isa shekarar farko.

Malam Ɗanjuma: Na makara, ina ta'aziyya a Mashi. Na yi shekaru a ofishin shiyya na ilimi kafin in ajiye aiki, bari in faɗi abin da ya shafi takarda, don a nan irin wannan ke mutuwa ko ya jawo wa mutum tuhuma. Kabiru, makaranta mai zaman kanta ce, amma rajistarta a hannun gwamnatin jiha take. Ku rubuta wa ma'aikatar ilimi ku sanar da ita kafin yaro ɗaya ya rubuta wasiƙa, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Hulɗa da wata ƙasa ba abin da ake yi a ɓoye ba ne, balle a wannan lokaci.

Yarjejeniyar kada ta wuce shafi biyu. A rubuta ta da Turanci da Faransanci, a ƙara da Hausa don iyaye. Shugabannin makarantu su sa hannu da sunan kujerarsu, kuma kowane ɓangare ya ba da malamai biyu, ba ɗaya ba, saboda abin da ya sami Hajiya. A rubuta ƙarara cewa babu kuɗi ko kyauta tsakani, kowa ya ɗauki nauyin takardarsa da datarsa. A sa wa'adin shekara ɗaya, in ta cika a zauna a duba.

Sai maganar yara, wadda ta fi komai. Kowane uba ya sa hannu kafin a saka ɗansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce bayanan yaro sai da yardar iyayensa, hoto da murya kuwa duk bayanai ne. Kada yaro ya ba da lambar waya ko kwatancen gida. Komai ya bi ta hannun malami, a karanta kafin a rufe ambulan. Kuma a haɗa mace da mace, namiji da namiji, kowa ya huta.

Baban Ummi: In haka ne, ba tafiya, komai ta hannun malami, zan sa hannu, kuma zan tsaya gaban iyaye in yi bayani. Hoton 'yata dai ban yarda a sa a Facebook don tallar makaranta ba.

Mushe Lawali: Wajenmu ma haka ne, har ya fi tsanani tunda lakwal ta gwamnati ce. Darakta ba ya iya sa hannu shi kaɗai, sai ya rubuta ma masu duba makarantu, su kai ma hukumar ilimi ta jiha. Sannan a sanar da kwamitin iyaye. Zai ɗauki lokaci, kar ku ga shiru ku ce mun ƙi. Ustaz kuma ban manta da ku ba, akwai abokina a makarantar Larabci da Faransanci, in wannan ta kama sai mu yi maganar taku.

Ustaz Auwal: Madalla. Ina jira.

Malam Kabiru: Salam. Yau kwana tara da fara maganar nan, ga inda aka kwana. Na zauna da mai makaranta jiya bayan la'asar, na karanta masa saƙon Hajiya da na Mushe Lawali baki da baki. Da farko ya ce shi abin da zai rubuta a allon ƙofar makaranta yake nema, Maraɗi kuwa ba za ta jawo masa ɗalibi ko ɗaya ba. Ban yi masa gardama ba, kuɗinsa ne ya zuba. Amma labarin yarinyar da ta roƙi waya ya taɓa shi, ya yi shiru ya ce a sake karanta masa. A ƙarshe ya amince a gwada shekara ɗaya da aji ɗaya, JSS2, ba tare da an rubuta komai a allo ba. Maganar Ingila bai janye ba, ya ce a ci gaba da nema. Malam Nura, na ba shi lambarka, ka taimaka mana ta wannan ɓangaren da sharaɗin Hajiya.

Malam Nura: Na karɓa Malam. Zan nema, kuma duk makarantar da ta fara da maganar tara mana kuɗi zan ba ta haƙuri.

Mushe Lawali: Alhamdu lillahi. Darakta ya yarda da baki, takarda ta tafi sama ranar Litinin, ba amsa tukuna. Ajin da ya yi daidai da JSS2 shi ne na biyu a kwaleji, wanda muke ce ma sankiyem. Kar mu sa ranar farawa da ƙarfi, a 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawa lakwal har 28 ga Oktoba. Malam Kabiru, yara nawa ne a ajin naku?

Malam Kabiru: 34. Mata 19, maza 15.

Mushe Lawali: Namu 81.

Malama Rabi: Kai. To ya za a yi? Ba za a zaɓi wasu a bar wasu ba.

Mushe Lawali: Ba zan iya shiga aji in ce ma yaro 47 ba su da aboki ba. Ko kowane naku ya ɗauki biyu ko uku, ko ku ƙaro wani aji.

Malama Rabi: Yaro ɗaya ya gyara wasiƙa uku ya yi yawa, zai gaji tun wata na biyu. Ina da JSS2 mai yara 50 a makarantarmu. Bari in ga shugabarmu gobe da safe. Malam Ɗanjuma, in ta yarda, takarda ɗaya za mu rubuta wa ma'aikata ko kowa tasa?

Malam Ɗanjuma: Kowa tasa, amma ku kai rana ɗaya, kowace ta ambaci ɗayar. Turo min daftarin in duba kafin ku buga.